Iya ruwa fidda kai, amma wa ya koya wa yaranmu?

Ranar Laraba da daddare muna zaune a teburin mai shayi a titin Bauchi, sanyi ya fara saukowa kowa ya rungume kofinsa, sai wani ƙaninmu ya miƙo waya yace ku kalli wannan. Tsohon bidiyo ne ma, na watan Maris ɗin 2024, na wani mai koyar da iyo a Legas mai suna Akinrodoye Samuel, da ya faɗa ruwa ya bi tsawon gadar nan ta Third Mainland daga wannan kai zuwa wancan, kilomita 11.8, sama da awa biyu yana ninƙaya. Shi dalilinsa daban ne, yana jan hankalin jama'a ne kan ciwon damuwa da masu zuwa kan gadar su faɗa ruwa su halaka kansu. Ƙanin namu yace ai a ƙasashen waje da irin wannan dogon iyon ake tara kuɗi, mutum ya shiga ruwa ya wuni yana iyo, jama'a su yi alkawari duk kilomita ɗaya ga abun da za su bayar, kuɗin kuma a zuba su wajen koya wa yara iyo da yadda za su kiyaye kansu a bakin ruwa. Yace me zai hana a yi irinsa a Jos?

Wani dattijo da muke girmamawa ya ajiye kofi yace, "Kai yaro, wahalar banza kenan. Mai son taimako ya ciro kuɗi ya bayar mana, sai ya jiƙa kansa? Kuma mu ina ruwanmu da iyo, teku gare mu?" Aka yi dariya, hira ta koma kan farashin mai. Ni dai ban tanka ba saboda girmansa, amma wallahi har na kwanta maganar tana cina, shi yasa na zauna rubuta wannan.

Gaskiya ne ba mu da teku. Abun da muke da shi ya fi teku sharri ga yaro, domin ko yaro ya san teku abun tsoro ne, namu kuwa kwance yake luf kamar ruwan randa. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka shigo haƙar kuza a tsaunukan nan, suka yi ta ƙwaƙule ƙasa da manyan injuna shekara da shekaru, da harkar ta mutu aka kwashe injuna aka bar mana ramukan, ruwan sama da na ƙasa suka cika su. Ka bi ta Bukuru, Gyel, Kuru, Bisichi, Barkin Ladi, ɗaruruwansu ne, mu dam kawai muke ce musu. Wurin shaƙatawan nan na Rayfield da ake zuwa hawa kwale-kwale da sallah ma asalinsa ramin kuza ne. Kuma ramin haƙa ba kamar rafi bane da za ka fara taka ruwa a idon sawu, ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu, kana da damar juyawa. Shi taku biyu ruwa na gwiwarka, na uku babu ƙasa kwata-kwata. Gefen yumɓu ne mai santsi ba abun kamawa, saman ruwan rana ta ɗumama shi, ƙasan kuwa sanyi kamar ƙanƙara, yana taɓa mutum numfashi ya ɗauke. Ban da su ga rafin Dilimi da ya ratsa tsakiyar gari, wanda da rani akuya ma tsallake shi take, da damina kuma sai ya zama wani abu daban. Wanda yake garin nan a watan Yulin 2012 ai bai manta daren da ruwa ya sauko daga ɓangaren Lamingo ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba, sama da mutum 30 aka rasa, da yara a ciki.

Ni a Bukuru na tashi. Ina ɗan shekara 12, wata Alhamis da babu makarantar allo, mu biyar muka zame muka tafi wani dam a bayan gari, kuma ba ranar muka fara ba. A cikinmu babu wanda aka taɓa koya wa iyo, abun da muka iya shi ne bugun ruwa irin na kare a bakin gaɓa, wanda ya fi daɗewa a kurme shi ne gwani. Abokina, gidanmu da nasu katanga ɗaya, ya cire rigarsa ya ninke ta a kan dutse ya ɗora silifas ɗinsa a kai don kar iska ta ɗauka, ya shiga. Ina kallonsa. Bai yi ihu ba, wannan shi ne abun da har yau nake gaya wa iyaye ba sa yarda, bai ce a taimake ni ba, bai fantsama ruwa ba. Kansa ne kawai ya ɗan karkata baya, bakinsa daidai saman ruwa yana shiga yana fita, hannuwansa suna danna ruwan kamar mai hawa tsani, idonsa a buɗe yana kallonmu. Mun zaci wasa yake. Ɗaya daga cikinmu har cewa yayi kai daina mana. Kafin mu gane, wurin ya koma sumul.

Abun da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Akwai masu noman lambu ba nisa da wurin, da mun kwarma ihu da sun ji. Ba mu yi ba. Muka kwashi kayanmu muka gudu gida, kowa ya shige ɗaki, domin abun da ya cika mana kai a lokacin shi ne dukan da za mu sha in aka san mun je dam. Sai bayan magariba da babarsa ta leƙo gidanmu tace, "Ɗan nan, ina abokinka, tun azahar ban sa shi a ido ba," sannan na fashe da kuka. Da fitila aka je, aka tarar da rigar a ninke da silifas a kai yadda ya bar su. Washegari masu nutso suka fito da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceton iyayensa ne.

Toh ka ga tarbiyyar da aka yi mana kan ruwa kenan, kalma ɗaya ce, kar ka je. Iyayenmu mata har dabara gare su, in ka dawo a kama hannunka a karce fatar da farce, in ta yi fari furu-furu an san ka shiga ruwa, a duba ido ko ya yi ja, sai bulala. Mu kuma muka koyi tafiya da ɗan basilin a ƙulle a leda, in mun fito mu shafe jiki mu zauna a rana ido ya washe. Dukan bai hana ko ɗayanmu zuwa ba, abun da ya koya mana shi ne mu riƙa zuwa wurin da babu babba ko ɗaya da zai gan mu, kuma in abu ya faru mu yi shiru. Ban ga laifin iyayenmu ba, tsoro ne da soyayya, su ma ba su iya ruwan ba balle su koyar. Amma shekara nawa yanzu ana wannan hanin, kuma duk damina, duk hutun makaranta na watan Agusta da ramukan ke cike taf, duk yawon sallah, sai an yi jana'izar yaro a wata unguwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a ƙarshen 2024 cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya, wato sama da mutum 30 duk awa ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce a gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, ranar da take faɗowa tsakiyar daminarmu, amma a unguwarmu ban taɓa jin an yi ko sanarwa a masallaci a kanta ba. Kuma ni na san lissafin bai kama namu duka ba, domin abokina ba a kai shi asibiti ba, ba a rubuta shi a takardar kowa ba, daga bakin dam sai wanka sai makabarta.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jinta: ai wanda ya iya ne ruwa ke ci, wanda bai iya ba ko kusa ba ya zuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya shi yasa ta zauna a bakin mutane. Amma a duba waɗanda ake cewa sun iya ɗin, irinmu ne, yaran da suka koyi bugun kare a hannun yara 'yan uwansu, rabin iyawa, wadda ke sa yaro ƙarfin hali ba tare da ta ba shi abun da zai fidda kansa ba. Koyarwa ta gaskiya farkonta ma ba gudu a ruwa bane. Ana fara koya wa yaro ne yadda zai kwanta rigingine a kan ruwa ya saki jiki ya yi numfashi har firgicin ya wuce, yadda zai tsaya wuri ɗaya kansa a sama, yadda zai juya ya koma inda ya fito, da kuma wane ruwa ne ko gwanin gwanaye ba ya shiga. Sannan a koya masa in ɗan uwansa na nutsewa kar ya kuskura ya faɗa, domin Bahaushe ya riga ya faɗa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, haka zai shaƙe mai cetonsa su tafi tare, shi yasa sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, wa da ƙani. Ihu za ka yi, ka kwanta a ƙasa ka miƙa sanda ko riga ko rawani, ko ka jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ɗin nan da ke kowane gida tana riƙe babban mutum a saman ruwa. A ranar nan akwai jarkokin masu lambu a bakin dam ɗin, na gan su da idona, ban san amfaninsu ba.

Kuma kar wani yace wannan harkar masu kuɗi ce sai Turai. E, a Ingila yana cikin manhajar firamare, ana so kafin yaro ya gama ya iya ninƙayar mita 25. Amma misalin da ya fi kama da mu Bangaladash ne, ƙasar musulmi, talakawa, ruwa ko ina. Akwai shirin da suke kira SwimSafe, a cikin kududdufin ƙauye suke kafa dandamali da sandunan gora su killace wuri marar zurfi, su horar da samari da 'yan matan ƙauyen su zama malamai, yaro ba ya cin jarabawa sai ya yi mita 25 kuma ya tsaya a saman ruwa na daƙiƙa 30. Da masu bincike suka bi diddigi sun tarar mutuwa a ruwa ta ragu ƙwarai a cikin yaran da aka koya wa. Sandar gora da igiya fa. Mu ma ai muna da gadon abun, duk wanda ya taɓa kallon wasan Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda Kabawa ke wasa da ruwan Matan Fada, da nutso da kamun agwagwa da hannu, da gora a ƙirji. Hausawa ne 'yan uwanmu, bambancin kawai su an saka su a ruwa tun suna ƙanana a gaban manya.

Ta fuskar addini kuma ban ga inda muka samo wannan ƙyamar ba. Maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki, kusan kowane ɗan Islamiyya ya haddace ta, sai dai ta tsaya a baki. In ruwa ya ci yaro muna ta'aziyya da cewa shahidi ne, kuma haka ne, ya zo a hadisi, kwana ne ya ƙare, babu mai ja. Amma wanda ya gaya mana haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Maganar 'yan ruwa da cewa dam kaza duk shekara sai ya ci mutum, ni abun da na gani da idona santsin yumɓu ne da sanyi da zurfi da yaro wanda ba a koya wa komai ba.

Sai 'ya'ya mata, waɗanda in ana wannan zancen ake tsallake su kamar ruwa na tambayar jinsi. Su ne ke zuwa wanki da ɗiban ruwa, su ne ke goye da ƙanne. Ku tuna Bagwai a jihar Kano, 30 ga Nuwamba 2021, jirgin ruwa ɗauke da 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau za su Mauludi ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29, yawancinsu yara. Ba ina cewa iyo kaɗai zai cece su ba, lodi ya yi yawa kuma babu rigar kariya, wannan laifin manya ne. Amma yarinyar da ta san ta kwanta rigingine ta ci gaba da numfashi na minti biyu kafin masunta su iso, ba ɗaya take da wadda ranar ce farkon shigarta ruwan da ya wuce tsayinta ba. A samo malamai mata, a ware ranarsu, a rufe wurin, su sa kaya masu rufe jiki, duk ba abu bane mai wuya in an so.

Yanzu in dawo kan tambayar dattijonmu, me yasa sai mutum ya jiƙa kansa. Baba, da girman kujerarka, dalilin shi ne mu mutane ne, kuma mutum ba ya buɗe aljihu don lissafi, sai ya ga wani abu. Ka buga takarda ka ce a taimaka a koya wa yara iyo, ko mutum goma ba za su karanta ba. Amma a ce yau wani ɗan Jos zai shiga ruwa tun bayan asuba ba zai fito ba sai la'asar, a cikin sanyin garin nan da ke sama da mita 1,200 a kan tsauni, wallahi sai gari ya taru, 'yan Facebook da TikTok su ɗauka, gidajen rediyo su zo, mai shago yace na ba da dubu kaza duk zagaye, ɗan siyasa ma kunya ta sa ya bayar. Tun 1875 da Matthew Webb ya ratsa ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa cikin kusan awa 22 mutane ke taruwa kallon irin wannan, ba yau aka fara ba. Kuma akwai ribar da ta fi kuɗin, yaron da ke tsaye a wurin zai ga cewa iyo abu ne da ake koyo a hannun malami da tsari, akwai kwale-kwale na bin mai iyon, akwai likita a gefe, gwani guda ma bai shiga shi kaɗai ba.

Tsorona ɗaya ne, kuma na san halinmu. Kar a yi taro a ɗinka riguna da huluna, a yi jawabi, a ba mai iyo kambu, kuɗin su ƙare a hayar rumfa da abincin manyan baƙi, sannan a ɗauko 'ya'yan masu hali guda ashirin waɗanda dama suna zuwa wurin iyo na otal duk Asabar a yi hoto da su. In haka za a yi gara kar a fara. Yaran da ake nufi suna Gangare da Rikkos da Bukuru da ƙauyukan da ke zagaye da ramukan nan, na musulmi da na kirista, da almajiran da ke zuwa wankin kayansu ranar Alhamis, domin ramin bai san sunan kowa ba. A fito da lissafi a fili, ga abun da aka tara, ga makarantun da aka ɗauko, ga yara nawa suka ci mita 25. Kuma ba a cikin dam za a koyar ba, ban da zurfi akwai tsargiya a irin wannan ruwan, da yawanmu mun yi fitsarin jini muna yara muna zaton alamar girma ce. Wuraren iyo na otal-otal ɗin garin nan daga Litinin zuwa Alhamis da safe a kwance suke babu kowa, a yi ciniki da masu su, a sa abun tsakanin Maris da Mayu lokacin da gari ya ɗan yi zafi kafin ramuka su cika. Daga shekara 6 zuwa sama ake ɗauka. Na ƙasa da haka su ba iyo ke cetonsu ba, ido ne da murfi, a rufe rijiya da marfi mai kwaɗo, a kife baho da bokiti in an gama wanki, domin mai rarrafe ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya ishe shi, cikin 'yan mintunan da uwa ta shiga ɗaki ɗauko gishiri.

Iyaye ma a haɗa da su ko na yini ɗaya ne. Har yau in an fito da yaro daga ruwa abun da muke yi shi ne a kife shi a yi ta danna ciki wai ruwa ya fita, ana ɓata mintunan da ƙwaƙwalwa ke mutuwa saboda rashin iska. Abun da yake buƙata a kwantar da shi rigingine a buɗe hanyar numfashi a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji, a ci gaba ba tsayawa wani kuma ya nemo mota, kuma ko ya farfaɗo ya miƙe a kai shi asibiti.

Ni sai da na haura shekara 30 na koyi iyo, a hannun wani yaro da na girme shi nesa ba kusa ba, kuma ranar farko da ƙafata ta bar ƙasa fuskar abokina na gani. Bana na kai 'yata mai shekara 7. Kakarta ta yi faɗa sosai, tace, "Kai da ka ga abun da ka gani, kai ne za ka kai min jika ruwa?" Nace Hajiya, abun da na gani ɗin ne ya sa. A sati na uku malamar ta zare hannunta daga ƙarƙashin bayan yarinyar a hankali ba ta sani ba, tana kwance a kan ruwa kunnuwanta a ciki tana kallon sama tana ƙirge da ƙarfi, ashirin da takwas, ashirin da tara, talatin. A bayan shingen waya kuma akwai wasu yara uku masu tallan gyaɗa sun ajiye farantansu sun manne fuska suna kallo, na tambayi babban cikinsu ko ya iya, yace sosai ma, a dam suke yi.

Na koma wajen ƙanin nan namu nace in da gaske yake ya nemo mai iyon da malamai, ni na ɗauki kuɗin koyon yara biyu, kuma zan bi shagunan layinmu da kaina da takarda. Yace sai dai a fara samun dattijon nan ya yarda, tunda shi ne mai faɗa a ji a kwamitin masallaci. Jibi in Allah ya kai mu zan same shi a gida bayan la'asar.